Gyaran gida a Dindir da ƙauyukan Hausawan Sudan: yadda baƙo ke samun mai fenti da ma'aikacin amana

Tun da sojojin Sudan suka karɓe garin Dindir daga hannun dakarun RSF a watan Oktoban 2024, suka biyo da Sinja a Nuwamba, sannan Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, mutanen da yaƙi ya kora suke ta komawa gidajensu. Da yawa sun tarar an ɓalle ƙyamare da tagogi, an zare wayoyin wuta saboda tagullar da ke ciki, babu fanka babu injin ruwa, ɗakunan ƙasa kuma damina ta ci su domin ba wanda ya tsaya ya yaɓe su. A gidaje da dama kuɗin gyaran daga waje yake zuwa, daga ɗa da ke Jidda ko Riyad, ko ƙane a Libiya, ko 'yar'uwa da ke aure a Kano ko Njamena. Mai turo kuɗin ba ya ganin aikin. Wanda ke wurin kuma sau da yawa tsoho ne, ko uwa mai 'ya'ya, ko wanda ya daɗe rabonsa da garin har farashin komai ya ɓace masa. Ga bayanin yadda sana'ar gyaran gida take tafiya a wannan yanki, da wuraren da kuɗi ya fi zurarewa.

Wane ne baƙo a nan

Hausawan Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu 'yan ƙasa ne, kakannin mafi yawansu ma a nan aka binne su. Wasu sun zo ne a hanyar Makka tun ana tafiyar ƙasa, suka tsaya neman guzuri, tsayawar ta zama zama. Wasu sun biyo hijirar da ta faru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai neman ma'aikata ya jawo wasu dubbai. Larabawan Sudan kan haɗa su da Fulani da Barebari su kira su Fallata ko Takarir.

To amma a wajen ciniki da ma'aikaci, baƙo shi ne wanda bai san farashi ba, kuma ba a san danginsa ba. Irin waɗannan sun yi yawa yanzu. Akwai waɗanda rikicin ƙabilanci na 2022 ya kora daga Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi suka sauka a Sinnar da Jazira da Farin Nilu. Akwai waɗanda suka baro Khartoum bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023. Akwai 'yan ci-rani da suka shekara goma a Saudiyya, sai kuma tsirarun 'yan Nijar da Najeriya da Chadi da karatu ko aure ko fatauci ya kai su. Su ma ma'aikatan yaƙin ya warwatsa su: maginin da unguwa ta sani shekara ashirin yana iya kasancewa yanzu a Gadarif ko Bur Sudan, wanda ke tsaye a madadinsa kuma ba wanda ya taɓa ganin aikinsa.

Sunayen da za a ji a kasuwa

Ko a ƙauyen da Hausa ce harshen gida, maganar gini da Larabcin Sudan ake yin ta, kuma wanda bai san kalmomin ba tun a gaisuwa ake gane shi. Mai fenti shi ne naggash. Magini ko birkila banna, kafinta najjar, mai walda da ƙera ƙofofin ƙarfe haddad, mai aikin famfo sabbak, mai gyaran wuta kahraba'i. Leburorin da ke kwaɓa da miƙa kaya ana ce musu ɗulba. Babban ma'aikaci, wanda yara ke aiki a ƙarƙashinsa, ana kiransa usɗa ko mu'allim, kuma da wannan sunan ya kamata a gaishe shi. In Bahaushe ne dattijo, malam ko baba ya wadatar. Ɗan kwangila mugawil ne, dillali simsar. Shagon da ake sayar da siminti da rodi da kwano da fenti sunansa maglak.

Akwai kalmomi uku na kuɗi da duk rigima ke fitowa daga cikinsu. Yomiyya ita ce ladan yini. Mugawala ita ce jinga, wato a yanke kuɗin aikin gaba ɗaya. Masna'iyya kuma kuɗin hannu ne zalla, ban da kayan aiki. Idan ma'aikaci ya faɗi farashi, tambayar farko ita ce ko masna'iyya yake nufi ko har da kaya. Kafin alƙalami shi ake kira arbun.

Ƙasar da ake gini a kanta

Wanda ya saba da jigawar Maradi ko jar ƙasar Zariya sai ya sake lissafi. Filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da kogin Dindir da na Rahad baƙar laka ce mai nauyi, irin wadda auduga da dawa ke so. Da damina tana shan ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsattsage har hannu ya shiga. Ginin da ke kanta yana hawa yana sauka tare da ita kowace shekara. Shi ya sa ake ganin tsaga a karkace tana tashi daga kusurwar taga ko ƙofa, ko daɓen ɗaki ya tasa, ko ƙyaure ya ƙi rufuwa da damina ya koma daidai da rani.

Wannan yana da muhimmanci ga mai neman mai fenti, domin tsagar da ƙasa ta haifar ba a maganinta da fenti. Naggash mai son kuɗi zai cike ta da ƙullun shafe, ya bi da launi, ya ɗauki hoto mai kyau a tura wa mai gida a Jidda, bayan damina ɗaya ta sake buɗewa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a manna ɗan siminti a kan tsagar a rubuta kwanan wata a gefe. In ya rabe bayan 'yan watanni, bangon yana motsi har yanzu, aikin na magini ne. Sau da yawa abin da ake buƙata bai kai tsadar da ake tsoro ba: a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango, a yi dakali ko daɓe mai gangare kewaye da ɗaki, a toshe bututun da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, a kuma nisanta bishiyar darbejiya da bango saboda saiwarta na tsotse damshin gefe guda.

Gidajen yankin iri uku ne, kowanne da mai gyaransa. Akwai guttiyya, ɗakin da'ira mai jinka, da rakuba, wato rumfa. Waɗannan har yanzu aikin gayya ne a ƙauyuka da yawa, abin da Sudan ke kira nafir, mai gida ya tanadi ciyawa da itace da abinci, maƙwabta su kawo hannu. Akwai ginin jalus, wato ƙasa da ake ɗorawa sahu-sahu, wanda ake kare shi da zibala, yaɓen ƙasa da kashin dabbobi da aka bari ya ruɓa. Aikin da makuba ke yi wa soro a ƙasar Hausa shi zibala ke yi a can, kuma kamar ta sai an sabunta. Sai ginin jan bulo da ake gasawa a kamina a bakin kogi, da bulon siminti, masu rufin kwano ko na kankare.

Lokacin aiki

Damina, wadda suke kira kharif, tana kankama daga Yuni zuwa Oktoba. Kogin Dindir da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha yana cika a lokacin, hanyoyin laka kuma su yanke, motar kaya ta kasa shiga ƙauyuka na kwanaki. Duk abin da ya shafi rufi da zibala da magudanar ruwa sai a gama shi kafin ruwan farko, kuma a sayi siminti da kwano tun hanya na bushe, domin kuɗin dako ya kan ninka da zarar an fara ruwa. Fenti kuwa bayan damina ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da bango ya bushe kuma zafi ya sauka. A Afrilu da Mayu zafi na haura maki 40, fenti ya bushe kafin ya kama bango.

Abu biyu ke ɗaga ladan ma'aikata. Na farko kaka: da an fara yankan riɗi a Oktoba, sannan girbin dawa, leburori kan watse zuwa manyan gonaki, domin riɗi ba ya jira. Na biyu jajibirin Sallah, saboda al'adar Sudan ce a sabunta fentin gida kafin idi. Mai son rahusa da aiki a natse ya kauce wa goman ƙarshe na azumi.

Inda ake samun mutumin kirki

 Suna ne jarin ma'aikaci, don haka wurin mutanen da ke riƙe da sunan ake zuwa. Da ɗan gari akan ci gari.

Mai maglak ya fi kowa sanin su. Shi ke ba su kaya bashi, ya san wanda ke biya da wanda ke ɓuya, ya san wanda ke sayen fenti mai kyau da wanda ke neman mafi araha ya ce wa mai gida na asali ne. Sai dai a tuna yana da nasa amfanin, tunda ma'aikacin da ya turo a shagonsa zai sayi kaya, wani lokaci da la'ada a tsakaninsu. Ana ɗaukar sunan da ya bayar, a je a tabbatar a wani wuri. Wurin na biyu shi ne mai unguwa, sheikh al-hilla, da limamin masallaci. Amfaninsu ya wuce ba da suna: ma'aikacin da aka samu ta hannun liman ya san in ya ci amana a sahun sallar asuba za a tare shi. Ga wanda ya zo daga Nijar ko Najeriya, tsohuwar hanyar zango tana nan, wato mai masauki ya tsaya masa a ciniki kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙon ɗan kasuwa.

Leburorin da ke zama da sassafe a bakin kasuwa da shebur da burushi suna jiran aiki sun dace da aikin yini guda da mai gida zai tsaya a kai, kamar kwashe ɓaraguzai ko shafa farar ƙasa a katanga. Ba a ba su kafin alƙalami, ba a kuma bar musu makullin gida.

Kowace hanya aka bi, gwajin da ya fi kowanne shi ne a je a ga aikin da mutumin ya yi wanda damina ta riga ta bi ta kansa. Sabon fenti kowa ya iya. A dubi gindin bango ko ya kumbura yana ɓarewa, a shafa hannu a ga ko launi na biyo tafi kamar alli, a dubi gefen taga da makunnin wuta ko an ɓata su. A tambayi mai gidan, ba a gaban ma'aikacin ba, ko an gama a ranar da aka yi alkawari, ko kuma an dawo neman ƙari a tsakiyar aiki.

Maganar ɗan'uwa tana da wuyar faɗi amma dole a faɗe ta. Yawancin masu turo kuɗi daga waje ɗan kawu ko mijin ƙanwa suke ba aikin, da niyyar kada kuɗin ya fita daga gida, musamman yanzu da kowa ke cikin matsi. Niyya ce mai kyau, kuma sau da yawa tana yin daidai. Illarta ita ce kunya: ba a iya ciniki da shi, ba a iya ce masa ya sake bangon da ya ɓata, in kuma aka yi magana sai ta koma rigimar dangi ta shekaru. Wanda zai ba ɗan'uwa aiki ya yi masa sharuɗɗan da zai yi wa bare, a gaban wani babba, tun kafin a kwaɓa ƙasa.

Ciniki

Ba za a iya rubuta farashi a nan ya yi amfani ba, domin darajar fam ɗin Sudan na zubewa da sauri. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Abin da ke dawwama shi ne hanyar lissafi. Masu gida da suka ƙware kan auna ladan ma'aikaci da wani abu da kowa ya san kuɗinsa a ranar, kamar buhun siminti mai kilo 50 na Atbara ko Rabak, ko ladan yinin lebura a gona. Sai a tambayi mutum uku, kowanne shi kaɗai, a kan aiki iri ɗaya. Wanda ya faɗi ƙasa da sauran da nisa ba lalle mai sauƙin kai ba ne. Galibi ko bai fahimci aikin ba, ko yana shirin rage kaya, ko zai tsaya a tsakiya ya nemi ƙari lokacin da ba a iya korarsa.

Fenti da murabba'in mita ake auna shi, kuma lissafin ba ya buƙatar injiniya. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayinsa mita 3, bangonsa huɗu murabba'in mita 48 ne. In aka cire ƙofa da taga ya rage wajen 44. Shafa biyu ya zama 88. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi, ƙasa da haka in filasta sabuwa ce mai shan ruwa. Ke nan lita 9 zuwa 11 ta ishi bangon ɗakin, silin kuma nasa murabba'in mita 16 daban. Wanda ya nemi bokiti biyu manya domin ɗaki guda sai ya yi bayanin inda sauran za su.

Tsakanin yomiyya da mugawala, zaɓin ya danganta da wanda zai tsaya. Ladan yini ya dace da gyare-gyaren da ba a san iyakarsu ba sai an buɗe, kamar bin sawun yoyo, amma sai da mai sa ido, in ba haka ba aikin kwana uku ya zama na mako. Jinga ta fi wa wanda ke nesa, sai dai tana sa gaggawa, don haka sai an fayyace komai: kankare tsohon fenti, cike tsaga, shafa nawa, wane kamfanin fenti, wa zai share wurin. A yi maganar abinci ma. Al'ada ce mai gida ya ba ma'aikata shayi da faɗur, karin kumallon da ake ci da hantsi, kuma in ba za a iya ba a faɗa tun farko a saka shi cikin lada.

Shawarar da ta fi kare baƙo ita ce ya raba kaya da hannu. Ya sayi siminti da fenti da waya da kansa ko ta wakilinsa, a karɓi rasit, a ajiye a ɗaki mai makulli, ma'aikaci ya karɓi masna'iyya kawai. Da hauhawar farashi wannan yana kare ma'aikacin shi ma, domin wanda ya karɓi jinga har da kaya, farashi ya tashi bayan mako biyu, ko ya yi asara ko ya ha'inci, kuma ba kowa ne zai zaɓi asara ba. Biyan kuma a yi shi kashi-kashi: ɗan arbun kaɗan, wani kaso in an gama gyaran bango, wani bayan shafar farko, ragowar sai an duba aiki da rana. Ba adalci ba ne kuma a riƙe wa mutum haƙƙinsa bayan ya gama, a ƙasar da kuɗin yau ba ya sayen abin da ya saya makon jiya.

Takardar kuɗi ta yi ƙaranci tun da babban bankin Sudan ya fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disambar 2024 a jihohin da ke hannun soja. Yawancin biya yanzu ta manhajar Bankak ta Bankin Khartoum ake yi. Tana barin shaida, wanda alheri ne, amma akwai abin lura biyu: mai canza kuɗin manhaja zuwa tsaba yana cire wani kaso, don haka a yanke tun farko wa zai ɗauki wannan, kuma in asusun da ma'aikaci ya bayar ba sunansa ke kai ba, ya faɗa a gaban shaida cewa nan yake so a tura.

Abin da ake shafawa

Bangon ƙasa numfashi yake yi. Abin da ya dace da shi jir ne, wato farar ƙasar da ake jiƙawa a shafa, mai araha, mai barin damshi ya fita. In aka shafa masa fentin mai, damshin ya taru a ciki, fentin ya ɓare da ƙasar bangon gaba ɗaya. Mai shafa jir ya kiyaye idonsa, domin tana ƙuna. Bangon filasta kuma a ciki fentin ruwa ake sa masa, wanda a Sudan ake kira bomastik, bayan an lailaye shi da ƙullun shafe da suke ce wa ɗalya. Fentin mai, bohiya, na ƙofofi ne da tagogin ƙarfe da gindin bangon da hannu ke yawan taɓawa. Ƙarfe sai an goge tsatsa an sa jan fentin kariya tukuna.

Ha'incin da aka fi yi a nan uku ne, kuma duk ana iya kama su. Ana tsinka fenti da ruwa fiye da kima har ya zama kamar kunu, ana yin shafa ɗaya a ce biyu, ana zuba mai araha a bokitin mai tsada. Maganinsu a buɗe bokiti a gaban wakili, a duba bangon tsakanin shafar farko da ta biyu, a kuma ajiye bokitan da suka ƙare har a gama lissafi. Wani kuskuren na mai gida ne: gaggawar fenti a kan sabuwar filasta. Siminti na buƙatar kimanin mako huɗu ya bushe, in ba haka ba farin gishiri ya fito ya ture fentin. A ɗakin da yara ke kwana a guji kankare tsohon fentin mai a bushe, domin wasu irinsa na ɗauke da dalma, ƙurarta kuma guba ce ga ƙananan yara.

Wuta, ruwa, da abin da yaƙi ya bari

Kafin kowane ma'aikaci ya shiga gidan da aka yi faɗa a kusa da shi, ko mayaƙa suka zauna a ciki, a duba ko akwai harsashi ko gurneti ko kan roka da bai fashe ba. Ba a taɓa shi, ba a jefa shi a masai ko a wuta, ba a bar yara su kai wa masu sayen ƙarfe. A sa alama a sanar da hukuma. Sudan na da cibiyar ƙasa ta kwance nakiyoyi da ke aiki tare da Majalisar Ɗinkin Duniya. A kuma leƙa masai da rijiya da tankin ruwa kafin a fara amfani da su.

Aikin wuta shi ne inda araha ke kashe mutum. Gidan da aka zare wa waya yana buƙatar kahraba'i na gaske, ba yaron da ya iya haɗa ƙwan fitila ba. Kasuwa ta cika da waya siririya, da wadda aka yi da alminiyom aka shafe ta da ruwan tagulla. In aka kankare bakinta da wuƙa fari ke bayyana. Saboda yawan ɗaukewar wuta mutane sun koma ga faifan hasken rana, nan ma a nemi wanda ya taɓa haɗawa aka ga yana aiki, a kuma sa ya lissafa abin da za a kunna kafin a sayi batir.

Sai maganar kayan hannu. Ƙofofi da fankoki da injinan ruwa da aka kwashe daga gidajen mutane sun bi ta kasuwannin kayan sata da jama'a suka laƙaba wa suna kasuwannin Dagalo, wasu kuma har yanzu suna yawo. In ma'aikaci ya kawo ƙofar ƙarfe a rabin kuɗi ba tare da ya iya faɗin daga inda ta fito ba, mai gida na iya wayar gari maƙwabcinsa ya gane ta, kuma a wannan lokaci zargin hannu a wawashe gidaje ba ƙaramin abu ba ne, balle ga wanda dama ake yi wa kallon bare.

Wakili, takarda da sulhu

Wanda ke waje yana buƙatar mutum biyu, ba ɗaya ba: mai yin aiki da mai duba aiki, kuma kada su kasance abokan juna na kusa. Wakilin a ba shi ɗan ladan wahala a fili, domin wanda ake sa wa aiki kyauta na wata guda shi ne ke fara neman nasa a cikin kuɗin siminti. Hoto ba ya wadatarwa. Kiran bidiyo da rana, ana zagayawa ɗaki-ɗaki, ya fi. Kafin a zuba kuɗi masu yawa a tabbatar da matsayin filin. A gari ana neman takardar binciken mallaka da ake kira shahadat bahas daga ofishin rajistar filaye. A ƙauyuka da yawa kuwa riƙo ne na gargajiya da shaidar sheikh da maƙwabta, kuma gidan gado da ba a raba ba yana iya jawo wa mai gyara rigima da 'yan'uwansa bayan ya kashe kuɗinsa.

Yarjejeniyar a rubuta ta ko da a takardar littafin makaranta ce, da Larabci ko ajami, da aikin da kuɗin da ranar gamawa da sa hannun shaidu biyu, kowa ya ɗauki hotonta a waya. Wanda ya ji kunyar neman haka ya tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a surar Baƙara, a kan rubuta bashi take. Dokar mu'amalar farar hula ta Sudan ta 1984 ta san kwangilar mugawala, kuma kotu na karɓar irin wannan takarda.

Sai dai ƙananan rigingimu ba kasafai suke kaiwa kotu ba. Ana kai su gaban dattawan sulhu, ajawid, a zaman da ake kira judiyya, ko gaban sheikh da umda. Fiƙihun Malikiyya, wanda Hausawa da yawancin mutanen Sudan ke bi, ya bambanta tsakanin mai sana'ar da ya tafi da kayan mutum shagonsa da wanda ya yi aiki a gidan mai kaya. Na farko, kamar kafinta ko mai walda da aka kai wa ƙofa, shi ke da lamunin abin in ya ɓata ko ya lalace, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Na biyu ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya saɓa abin da aka umarce shi. Galibin hukuncin dattawa shi ne ma'aikaci ya sake aikin da hannunsa ba lada, mai gida ya sake sayen kaya, ko a raba asarar. Abin da suke fara tambaya shi ne wa ya haɗa su, wa kuma ya halarci cinikin.